Rim ɗin Prado a kan Hilux: in ɗaura ko in haƙura?

Baban_Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masana nake nema. Ina da a-kori-kura Hilux ta 2012 mai jan ƙafa huɗu, har yau rim ɗinta na ƙarfe na asali ne a jiki, da taya 205R16C. Yayana ya sauya wa Prado ɗinsa ƙafafu, ya ce in zo in kwashi tsofaffin guda huɗu. Na aloy ne, inci 17, da tayoyinsu 265/65R17, ko rabi ba su ci ba. Na ƙirga ramuka, shida ne nan, shida ne can. In kai wa mai faci ya ɗaura kawai, ko akwai abin da zan duba tukuna? Motar lodi nake yi da ita, ba ta ƙwalisa ba ce.

Sarkin_Hanya: Wa alaikumus salam. Shida da shida ai magana ta ƙare. Ɗaura ka ƙara gaba, kyauta ba a yi mata ƙwaƙƙwafi.

Injiniya_MB: Sarki, a yi haƙuri, magana ba ta ƙare ba, yanzu ma ta fara. Yawan ramuka daban, tazararsu daban. Nissan Navara D40 rami shida gare ta, amma da'irar da ramukan suka zauna a kai milimita 114.3 ce. Ta Hilux 139.7 ce. Ka ɗauko rim ɗin Navara ka kara a Hilux, ko ƙusa biyu ba za su shiga tare ba. F-150 ta Amurka ma shida ce, tata 135. Wannan awon shi ake rubutawa 6x139.7, a takardu ana ce masa PCD. A mai rami shida awonsa ba wuya: sa tef daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Baban Hanifa dai ya taki sa'a, domin Prado da Hilux mai jan ƙafa huɗu duka 6x139.7 ne, ramin tsakiya milimita 106.1, zaren ƙusa kuma M12x1.5, wato kaurinta milimita 12, tazarar zare 1.5. Wane zubin Prado ne, 120 ko 150?

Baban_Hanifa: Ta 2008 ce, Injiniya.

Injiniya_MB: To 120 ke nan. Za su shiga. Saura noti, da girman taya, da lodi.

Sarkin_Hanya: Ka ga ni? Dogon lissafi, ƙarshe dai abin da na faɗa ne.

Tsohon_Direba: Ɗana Sarki, kai ka faɗa ne a kan sa'a, shi ya faɗa a kan awo. Maganar noti da ya taɓo kada a wuce ta da sauri, don ni na ga abin da idona. Shekarun baya na sa wa motar da nake ja rim na aloy, yaron da ya ɗaura ya mayar da tsofaffin notunan rim ɗin ƙarfe, ya matse su da bindigar iska har sai da na ji daɗi. Kwana uku ina tafiya lafiya. Rana ta huɗu, da lodi a baya, sai na fara jin ƙwas-ƙwas daga hagu duk sanda na saki totur. Na ɗauka boris ne. Da na tsaya na taɓa notin farko, da yatsa biyu ya juya. Uku sun saki, ɗaya babu shi ma, ramukan rim ɗin sun zama kamar ƙwai, garin aloy ya yi baƙi a gefensu. Allah ne ya tsare, rim ɗin kuwa sai jefarwa.

Ɗan_Gareji: Baba, Allah ya ƙara tsarewa. Abin da ya faru shi ne, notin rim ɗin ƙarfe bakinsa kamar mazurari yake, yana zama a cikin rami mai gangare. Rim ɗin aloy na asali na Toyota kuwa raminsa a miƙe yake, samansa a shafe. Notinsa yana da wuya mai shiga cikin ramin, da washa mai faɗi da ke danne rim ɗin. In ka sa mai tsini a wurin, gefen ramin kaɗai zai ciza, aloy kuma ƙarfe ne mai laushi, yana ci yana lotsawa har notin ya samu sarari. Baban Hanifa, ka ce wa Yaya ya haɗo maka da notunan Pradon guda 24. In ya riga ya yi amfani da su a sababbin ƙafafunsa, ka nemi irinsu sak.

Baban_Hanifa: Wallahi ban ma san noti iri-iri ne ba. Zan kira shi yanzu.

Abu_Ranger: Tunda ana maganar, bari in shigo da tawa. Ni akasin haka na yi. Ford Ranger gare ni ta 2015, na sa mata rim ɗin Hilux. Ramuka sun hau daidai, amma ƙafafun sun ɗan leƙo waje, kuma daga gudu 90 zuwa sama sitiyari yana kaɗawa. Na yi balansin sau biyu, shiru.

Injiniya_MB: Malam Abu, abu biyu ne suka haɗu maka. Kan hob ɗin Ranger, wato ƙarfen da rim ke zama a kai, 93.1 ne, ramin rim ɗin Hilux 106.1. Akwai sarari na milimita 13, wato rim ɗin ba ya samun abin da zai tsayar da shi a tsakiya lokacin ɗaurewa. Ko rabin milimita ya goce, za ka ji a sitiyari, kuma injin balansin ba zai gani ba, don shi a tsakiya yake kama rim ɗin. Akwai zobe da ake sayarwa don haka, wajensa 106.1, cikinsa 93.1. Leƙowar kuma ofset ne: na Ranger 55 ne, na Hilux wajen 30. Bambancin milimita 25 shi ne ya turo ƙafar waje.

Maman_Sadiq: Don Allah a yi mana bayanin ofset ɗin nan da Hausa. Ina da a-kori-kura biyu da direbobi ke ja, kullum sai dai a ce min "Hajiya an sauya kaza", in biya ban san me na saya ba.

Injiniya_MB: Hajiya, ki ɗauki rim a tsaye, ki raba faɗinsa biyu da layi a zuci. Akwai fuskar da ke mannuwa da jikin mota, inda ramukan suke. Nisan wannan fuskar daga layin tsakiya shi ne ofset, da milimita. In lambar ta yi girma, ƙafa tana shigewa ciki kusa da birki da shokozoba. In ta yi ƙasa, ƙafa tana fitowa waje. Ana buga ta a bayan rim, wani lokaci da ET a gabanta, kamar ET30, kusa da girman rim ɗin, misali 17x7.5J.

Maman_Sadiq: Na gode, Allah ya ƙara basira. Gobe sai an kwance min ɗaya na gani.

Kwana_Casa'in: Ni fa zoben nan ban yarda da shi ba. Yawanci na roba ne. Ta yaya roba za ta ɗauki nauyin mota da lodinta?

Ɗan_Gareji: Ai ba ita ke ɗaukar nauyin ba, oga. Nauyi yana kan matsewar da notuna shida suka yi wa rim da fuskar hob. In sun matsu yadda ya kamata, fuskokin biyu sun zama kamar abu ɗaya. Zobe aikinsa ya riƙe rim a tsakiya kafin a matse, shi ke nan. Akwai na aloy ma in robar ce ba ka so.

Kwana_Casa'in: To in haka ne me ya sa kamfani yake yanka ramin daidai da kan hob, ba ya barin sarari? Ka faɗa rami da lodi tan ɗaya ka gani ko kan hob ba ya taimakawa. Ni a motar aiki ba zan sa rim ɗin da bai zauna a kan hob da kansa ba.

Ɗan_Gareji: Wannan zaɓinka ne, kuma ba laifi ba ne. Amma in har rim ya motsa ya daki kan hob, to notunan sun riga sun saki.

Kwana_Casa'in: Mu bar shi a haka, ba za mu daidaita ba.

Matashi_4x4: Tambaya. Na samu rim ɗin Ranger masu kyau sosai, Hilux gare ni. Wani ya ce in kai wa mai tona ya faɗaɗa ramin tsakiyar. Ya kuka gani?

Tsohon_Direba: Kada ka soma.

Injiniya_MB: Baba ya taƙaita, bari in faɗi dalili. Daga 93.1 zuwa 106.1, za a cinye milimita shida da rabi ta kowane gefe, daga naman da ke tsakanin ramin tsakiya da ramukan ƙusa. Wani rim ɗin yana da kaurin da zai jure, wani bayansa rarake yake, ba ka sani sai an fara yanka. Sannan ko an yanka daidai, ofset 55 yana nan. Ƙafar za ta shige ciki milimita 25, tana iya gogar hannun sama na gaba ko kalifar birki. Daga nan sai a ce maka sa sifesa, faifan da ake sawa tsakanin hob da rim don turo ƙafa waje. Ka ga gyara ya haifi gyara.

Matashi_4x4: Sifesa ɗin fa, mene ne aibinsa? Ina ganin mutane da yawa suna sawa.

Gyara_Kayanka: Ni shekara huɗu ina da shi a Mitsubishi L200, ban ga komai ba. Amma mai ƙusoshinsa ne, wanda ake ɗaure shi da hob da nasa notunan, sannan rim ya hau nasa ƙusoshin. Wanda nake tsoro shi ne faifan nan da ake zurawa kawai, don yana cinye tsawon ƙusa. Noti yana buƙatar ya kama aƙalla kaurin ƙusar, milimita 12, wato juyi takwas a zaren 1.5. In ka ƙirga juyi biyar ya tsaya, cire faifan. Mu masu L200 ma dole muke neman zobe, don namu kan hob ɗin 67.1 ne, kusan kowane rim mai 6x139.7 ya fi shi faɗin rami.

Tsohon_Direba: Shekara huɗu ba ka ga komai ba, boris nawa ka sauya?

Gyara_Kayanka: Na gaba sau ɗaya, Baba. Amma mota mai wannan shekarun ai dama za ta nema.

Tsohon_Direba: Uhm. Ɗauki bokitin ruwa ka manna da jikinka, sannan ka miƙa hannu da shi, ka gaya min wanne ya fi gajiyar da kafaɗa. Haka boris yake ji in aka tura ƙafa waje.

Baban_Hanifa: Jama'a kun tafi kun bar ni a tasha. Yaya ya ce notunan suna nan, zai haɗo. Saura maganar taya da lodi da Injiniya ya ambata.

Injiniya_MB: Afuwan, mai gida. Taya 205R16C tsayinta wajen milimita 735 ne. Ita 265/65R17 kuwa 776. Bambancin ya kusa kashi 6 cikin ɗari. Ma'ana, gudun da allura ke nuna maka yau, bayan sauyin ka ƙara kusan shida a kan kowane ɗari. Maleji ma zai riƙa ƙirga ƙasa da abin da ka yi, sai ka tuna da haka wajen juyen baƙin mai. A tashi da lodi ko hawan tudu za ka ji motar ta ɗan yi nauyi, kamar an ɗaga giya kaɗan, mai ma zai ɗan ƙaru don tayar ta fi faɗi da nauyi. Wurin zama kuwa akwai, tunda wasu Hilux ɗin na wannan zubin da 265/65R17 suke fitowa daga kamfani.

Mai_Lodi_77: Ni nan ne ban goyi baya ba. Harafin C ɗin nan da ke jikin tayarka ba ado ba ne, tayar motar kaya ce. Gefenta yana da kauri, tana karɓar iska mai yawa. Tayar Prado ta motar hawa ce, an yi ta don laushi. Na taɓa yin irin wannan sauyin, babu lodi kamar kana kan katifa, amma da na ɗora buhuna sai bayan motar ya riƙa lilo a kwana, tayoyin baya sun yi ciki kamar iska ta sauka. Wata biyu na mayar da nawa na ƙarfe. Kuma rim ɗin ƙarfe in ya daki dutse lanƙwasa yake yi, a buga shi da guduma a isa gida. Aloy tsagewa yake.

Injiniya_MB: Maganar gefen taya gaskiya ce. Amma a duba lamba kafin a yanke hukunci. Bayan girman taya akwai lambar nauyi. A 205R16C yawanci za ka ga 110/108, wato kilo 1,060 kowace taya in guda ce a gefe. A 265/65R17 yawanci 112 ne, kilo 1,120. A takarda ta Pradon ba ta gaza ba.

Mai_Lodi_77: Takarda daban, hanya daban, Injiniya. Kai lissafi kake yi, ni duwawuna ne suka gaya min.

Sarkin_Hanya: Hahaha, wannan na'urar awon ba a sayar da ita a kasuwa.

Ɗan_Gareji: Ku duka kuna da gaskiya. Mafita ita ce in waɗannan tayoyin sun ƙare, ya sa masu LT a gaban lambar, su ne na ƙananan motocin kaya, akwai su a inci 17. Shi rim ɗin kansa ba na jin tsoronsa, Prado ba ƙaramar mota ba ce. Wanda ake tsoro shi ne rim ɗin ado da ba a san wanda ya ƙera shi ba, ko na ƙaramar mota. A duba baya, wasu ana buga musu iyakar kilon da za su ɗauka. Na Japan kuma akwai tambarin JWL, wanda aka gwada don motocin kaya shi ne JWL-T. Baban Hanifa, ka duba shekarar tayoyin ma, lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Taya tana iya zama da zane mai kyau alhali ta bushe.

Maman_Sadiq: Ba wanda ya yi maganar safaya. Guda huɗu aka ba shi.

Tsohon_Direba: Hajiya ta fi mu duka lura. Safayarka ƙarama ce yanzu, Baban Hanifa. In ka yi faci ka sa ta, taya ɗaya ta fi ɗaya tsayi da santimita huɗu. A lallaɓa zuwa wurin mai faci ba komai, amma kada ka kuskura ka sa giyar ƙafa huɗu a haka, ƙafafun ba sa juyawa daidai, akwatin giyar ne zai sha wahala. Nemi na biyar.

Ɗan_Gareji: Ko ya nemi rim ɗin ƙarfe inci 16 mai faɗi ya sa masa 265/70R16, tsayinta 777, kusan ɗaya da 776. Notin aloy na asali ƙarshen wuyansa yana da ɗan gangare, yana kama rim ɗin ƙarfe na safaya. Akasin ne ba ya yiwuwa. A gwada kuma ko babbar tayar za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi.

Sabon_Shiga: Salam. Ni Land Cruiser 100 ce muke da rim ɗinta a ajiye, zai hau Hilux? Ai duk Toyota ne.

Injiniya_MB: Ba zai hau ba. Yawancin 100 da duk 200 rami biyar ne, 5x150, ƙusarsu M14. Ko Hilux ɗin ma ba duka ba ne mai shida, ƙaramar nan mai jan baya kawai akwai mai 5x114.3. Wani abin lura ga masu haɗa Nissan da Toyota: Patrol Y61 da Navara D22 ramukansu 6x139.7 ne, amma zaren ƙusarsu 1.25 ne, ba 1.5 ba. Noti zai fara shiga juyi ɗaya ko biyu ya cije. In aka tilasta shi da bindiga, ƙusa ta tafi. A fara ɗaura kowane noti da hannu.

Baban_Hanifa: To jama'a, na kwaso su yau, ga rahoto. Na kifa su a tsakar gida na wanke bayansu da buroshi. Uku an buga 17x7.5J da 30. Na huɗun 17x7.5J ne shi ma, amma 25 na gani, kuma da na jera su sai na lura zanen ƙafafunsa ya ɗan bambanta. Na kira Yaya, ya yi dariya ya ce ya manta, ɗaya ya taɓa tsagewa aka nemo masa wani. Mun gwada ɗaya daga cikin ukun a gaba: ya zauna a kan hob ɗaf, ba ya motsi, na juya shi da hannu bai taɓa birki ba. Mun sauke jak, na murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ta hagu yana ɗan shafar robar madigadi, na ga alamar a jiki. Yanzu ya zan yi da mai 25 ɗin?

Injiniya_MB: Mai 25 ɗin da alama na Prado 150 ne, su ne ke zuwa da wannan ofset. Bambancin milimita biyar ne. Ni dai ba zan sa shi a gaba ba, don ƙafa ɗaya ta fi ɗaya fitowa, kuma gaba ce ke da sitiyari. Mai da shi safaya, ka nemi mai 30 guda ɗaya, ka ga an kashe maganar Hajiya ma.

Gyara_Kayanka: Milimita biyar fa, bai kai kaurin fensir ba. Sa shi a baya ka manta da shi. Yayansa ya yi shekaru da shi a mota bai ma tuna ba.

Mai_Lodi_77: Baya ita ce ke ɗaukar lodin ai. Ni har yanzu ina kan bakata, ka ajiye na ƙarfenka kada ka sayar, za ka neme su.

Ɗan_Gareji: Robar madigadin a sassauta sukurorinta a ɗan tura ta baya, yawanci ya isa. Ka sake gwadawa da lodi, kana juya sitiyari a kan gargada, don a nan ne taya ke shigewa sama. Ranar ɗaurawa a kankare tsatsar fuskar hob, kada a shafa wa ƙusa girisi, a matse a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ba a zagaye ba. Littafin Hilux ƙarfin matsi 105 Nm ya ce, da sifanar awo, ba a hau kan wilsifana da ƙafa ba. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bi, aloy yana ɗan zama.

Tsohon_Direba: Wannan sake bin shi ne da na yi, da ban ba ku labarin ɗazu ba.

Sarkin_Hanya: Ni dai tun farko na ce zai shiga.

Maman_Sadiq: Na sa an kwance na ɗaya daga cikin motocina. Gaba 30, baya an rubuta 10, kuma notunan iri biyu ne a ƙafa ɗaya. Direban ya ce haka ya same ta. Injiniya, daga ina zan fara?

Baban_Hanifa: Hajiya ki ɗauko hoton notunan ki turo su gani. Ni na sa ukun da mai 25 a baya na ɗan lokaci, gobe zan yi lodin farko in ji yadda za ta yi a kwana. Wanda ya san inda zan samu mai 30 guda ɗaya ya yi min magana ta gefe.